Sirdin Ajalar Yahya

Mu nan Mafaza ajala muke ce wa keke, kamar yadda Larabawa ke faɗa. Ɗana Yahya kuwa, in ka raba shi da ajalarsa to ka gama da shi. Da an kammala yankan dawa a Gadambaliya kowa sai ya dawo gida ya miƙe ƙafa. Shi sai ya ɗaure jarkokin ruwa da bargo da busasshiyar kisra, gurasar dawa ta nan, su nausa dajin Butana shi da abokinsa Babiker. Ba ciniki, ba ziyarar kowa, wai kallon ƙasa. Inda rana ta faɗi musu nan suke kwana, a gindin ƙaya. Na yi faɗa har bakina ya gaji. Sai ya yi dariya ya ce kakanninmu da ƙafa suka taho daga Katsina, shi da ya samu taya me zan ce.

Dogo ne kamar giginya. Sirdin ajalar nan kullum yana can sama, ƙarfen har ya kusa fita. Duk unguwa ba mai iya ara, ƙafa ba ta kaiwa. Na sha gaya masa rowa ce kawai, ba tsawo ba.

Bana da suka tafi wayarsa ta daina shiga. Wannan na saba. Amma lokacin dawowarsu ya yi ya wuce, har maƙwabta suka fara gaishe ni a hankali, irin gaisuwar marar lafiya. Haushinsu na riƙa ji.

Ina tankaɗe da hantsi na ji ƙarar sarƙar da na sani a ƙofar gida. Babiker ne ya turo ajalar, shi kaɗai, leɓensa duk ya tsage. Ban tsaya kan fuskarsa ba, sirdin na duba. An sauke shi ƙasa, daidai ƙafar gajeren mutum.

Ban ji komai ba. Wallahi ko faɗuwar gaba. Na karkaɗe hannu, na ce ya zauna kan angarib, gadon igiyar da Yahya ke kwana, na ɗora shayi. Na tambaye shi mahaifiyarsa, na tambayi hanya, na tambaya ko rijiyoyin can da ruwa. Da ya buɗe baki sai in ƙara masa sukari. Ya shanye, na sake zubawa.

Ya ajiye kofin ya ce, "Yumma, ki bari in faɗa." Haka Yahya ke kirana.

Na bar shi. Ya ce da safe ne, Yahya yana naɗe bargo, maciji ya sare shi a hannu. Babu gari kusa. Kafin azahar ya cika. Wasu masu raƙuma suka taya shi yi masa sutura, suka jera duwatsu a wurin. Ajalar Babiker kuma tun kafin nan gindinta ya karye, shi ya sa ya hau wannan. Yana faɗa yana kuka, ni kuma ina kallon kaza tana cin garin da na bari.

Da ya gama na ce, "Akwai sifana a jakarka?"

Ya dube ni kamar na zautu, amma ya ciro. Na riƙe masa ajalar, ya kwance, ya ja sirdin sama.

"Ƙara," na ce.

Ya ƙara. Ƙarfen ya yi ta fitowa, har aka kai wani layi na tsatsa, inda ya saba tsayawa. Na ce ya ɗaure nan, ya ɗaure sosai.

Na jingine ta a bango, a wurinta. Sannan na ce masa ya je masallaci ya gaya wa maza.