Idon Kyanwar Hajja Ranar Husufi

Kakata Hajja ba ta tsoron mutuwa, ita da bakinta take faɗa. Makanta ce abin tsoronta. Ta ga yadda mahaifiyarta ta ƙare ana jan ta da sanda, don haka da yanar ido ta rufe mata gani sai da muka yi kamar za mu ɗaure ta kafin ta yarda a kai ta asibitin ido a Sabon Gari. Likita Ambrose ya yi aiki, ido ya buɗe, amma ya ja mana kunne: in ta ga haske na dusashewa, a dawo da ita ba ɓata lokaci.

Ana nan aka sanar a rediyo cewa rana za ta yi husufi da hantsi. Hajja ta ce shirme ne, wa ya aiki ɗan Adam ya san jibin Allah? Ta kashe rediyon, ta manta da zancen. Taurin kan tsohuwar nan sai dai addu'a.

Ranar husufin ina madafa, ita tana tsakar gidanmu na Fagge tana tsintar shinkafa, aikin da ta shekara biyu ba ta iya ba. Maza sun tafi masallaci. Sai na ji shiru, babu mitar da ta saba. Na leƙo na tarar ta ture faifan, tana ta murza ido. Hasken tsakar gida ya koma wani fari-fari marar zafi, kaji sun nufi akurki.

Ta kira ni a hankali. “Jawahir, ya dawo. Duhun ya dawo.”

Na ce husufi ne. Ta ce kada in yi mata ƙaryar lallashi, haka aka riƙa yi wa uwarta. Na rantse, ta ƙi. Ga shi an hana kallon rana, balle mai sabon aiki a ido. Wallahi tausayinta ya kama ni har na rasa abin yi.

Kyanwarta ce ta taso daga gindin randa ta haye cinyarta, ta ɗaga kai. Hajja ta zuba mata ido. Shekara da shekaru tana kiwon kyanwoyi, ta san in rana ta ɗaga ƙwayar idonsu tsukewa take ta koma siririya kamar tsinke, sai duhu ya shigo take buɗewa. To ga shi da hantsi, a fili, tsinken nan yana faɗaɗa a gabanmu, baƙin yana cinye ruwan ɗorawar da ke kewaye da shi, har ya kusa zama da'ira. Dabba ba ta ji sanarwa ba, ba kuma za ta yi wa kowa kara ba.

Hajja ta tallafo fuskar kyanwar da hannu biyu, tana tasbihi, hawaye na zuba.

“Ita ma duhun take gani,” in ji ta. Can ta ƙara matso da ita. “Ke, har gashin girarta ina gani.”