Giwa Mai Yagaggen Kunne

Giwar ta daina tauna. Ta ɗaga hancinta sama da shingen ƙarfe, ta karkata shi wajen tsohon da ke riƙe da jakar makarantar jikarsa, ta tsaya cik.

"Kaka, kai take sansana," in ji yarinyar tana dariya. "Sai da na ce ka yi wanka."

Bai rama ba, shi da ba ya barin tsokanarta ta faɗi ƙasa. Idonsa na kan kunnen giwar na hagu, inda wata tsohuwar yaga ta raba fatar gida biyu.

Da ma bai so zuwa ba. Malamar su yarinyar ce ta ce kowa ya je gidan namun daji, ya zaɓi dabba ɗaya, ya rubuto abin da ya koya a kanta. Uban yarinyar yana wurin aiki, uwarta na fama da goyo, sai rakiya ta faɗo kansa.

Mai kula da giwar ya iso yana tura baro cike da ciyawa. Yarinyar ta buɗe littafinta ta shiga jero masa tambayoyi. Ya gaya mata abin da giwar ke ci, da yawan ruwan da take sha, da cewa ta haura shekara arba'in.

"Daga ina ta zo?"

"Ni ma a nan na same ta, 'yata. An ce tana jaririya aka kawo ta a bayan babbar mota, ɗaure da igiya. Mafarauta ne suka kashe uwar saboda haure."

"Kunnen fa?"

"Wannan kam ban sani ba."

Ya juye ciyawar ya wuce. Giwar ko kallon ciyawar ba ta yi ba.

Tsohon ya lallaba ya zauna a kan wani dakalin siminti. Ya tuna bakin wani tafki a daji, da harbi biyu, da yadda ƙasa ta girgiza. Shi da abokan farautarsa suna saran hauren da gatari, 'yar giwar tana tunkuɗar uwar da kai don ta tashi. Da 'yar ta ƙi matsawa, shi ne ya maƙala mata ƙugiya a kunne ya ja. Daga wannan fita ya ajiye bindiga, ya koyi ɗinki, ya yi 'ya'ya da jikoki. Amma har yau in babbar mota ta taka birki a kan titi, kukan 'yar giwar nan yake ji.

"Zo nan," ya ce. "Ni na san labarin kunnen."

Ya faɗa mata duka, bai rage komai ba. Ta saurara, biro a hannu, ba ta rubuta ko harafi ɗaya ba.

"Ta yi kuka?"

"Kwana biyu. Har muka sauke ta."

Yarinyar ta dubi giwar, ta dube shi. "Wataƙila ba ita ba ce, Kaka."

"Wataƙila," ya ce.

Da suka nufi ƙofar fita, giwar ta bi su ta cikin shingen, a hankali, har inda ƙarfen ya ƙare.

A cikin mota yarinyar ta zauna jikin taga, ta duƙufa kan littafinta. Da suka kusa gida, ya juya wajenta.

"Karanta mini in ji."

Ta karanta ciyawar da ruwan da shekarun. Sannan ta sassauta murya. "An kashe uwarta tana ƙarama. Har yanzu ita kaɗai ce."

Ya jira. Ta rufe littafin.

"Shi ke nan?"

"Malama cewa ta yi mu rubuta a kan dabbar," ta ce, ta mayar da fuskarta taga.