Gurbin Baba

Shekara tara ina tuƙa taraktar ƙungiyar manoman Maska, kuma ba daminar da ta wuce ban sha zagi ba. Tarakta ɗaya ce, gonaki arba'in da wani abu, kowa kuma so yake a yi masa haro, a farfasa masa ƙasar gona, washegarin ruwan shuka. In na fara da gabas, 'yan yamma su ce an saye ni. In na fara da yamma, 'yan gabas su daina amsa mini gaisuwa. Ni Shitu ba ni da dogon haƙuri, don haka kusan kowace shekara sai an raba ni da wani a bakin gona.

Bana sai Bushra ta zo hutu. 'Yar farin Malam Rabe ce, shugaban ƙungiyarmu, tana aiki a wani kamfanin jiragen sama a Legas. Mutanen gari sun daɗe suna yaɗa cewa tuƙin jirgi take yi, alhali ofis take zaune tana tsara inda jirgi zai je da lokacin da zai sauka. Malam Rabe ji yake da ita kamar me, amma kunyar 'yar fari ta hana shi ko kama sunanta. "Ta Legas ɗin nan" yake cewa, in kuma ta shigo zaure sai ya sami abin kallo a jikin bango.

Shi ya sa ni ya tura in roƙe ta ta tsara mana layin tarakta. Muka zauna a ƙofar gida, shi yana gefe ya ba mu baya, wai gyaran rediyo yake.

"Kawu Shitu, ai matsalarku irin tamu ce," in ji Bushra. "A babban filin jirgi hanyar sauka ɗaya ce ko biyu, jirage kuwa ba adadi. Sai a ba kowa gurbinsa, ƙarfe kaza da minti kaza. Kamfanin da ya bar gurbinsa bai yi amfani da shi ba, a ƙwace a ba wani. Har ta kai wani ya tashi jirgi ba fasinja ko ɗaya, don dai kada gurbi ya kuɓuce masa."

"Shitu," in ji Malam Rabe, bai juyo ba, "ka gaya wa mai tsarin nan ta sa mana wannan doka yadda take. Wanda gurbinsa ya wuce, ya wuce, ko ni ne."

Ta kwana biyu tana yawo bayan babur tana duba gonaki, ta rubuta takarda, ta koma Legas. Aka liƙa takardar a jikin shagon taki.

Kowa ya je ya nemi sunansa ya gani. Malam Rabe ya bi ta da yatsa daga sama har ƙasa, ya sake bi daga ƙasa har sama, babu Rabe. Kafin ya ce wani abu jama'a suka rufe shi da yabo. Wannan ya ce tarbiyya ke nan, wancan ya ce yarinyar da ta cire ubanta don kada a ce ta yi son kai ai ita ya kamata a ba kujerar gwamna. Malam Rabe ya yi murmushi ya ce haka ya rene ta. Na san shi tun ina yaro, kuma na ga abin ya sosa masa rai. Gonarsa a kwari take, in ba a yi mata haro a makon farko ba, ruwa zai kwanta, tarakta ba za ta shiga ba sai baɗi. Tambayar 'yarsa kuwa ba zai iya ba, balle ga yabo ya ɗaure masa baki.

Ruwa ya sauka ranar Talata. Laraba da sassafe na duba takarda, gurbi na ɗaya an rubuta Baba. A Maska in ka ce Baba, ko akuya ta san Baba Mahadi ake nufi, tsohon da jikokinsa da surukansa da limami duk haka suke kiransa. Akwai Mahadi kuma a lamba ta talatin, amma gona biyu gare shi, don haka ban ga abin tambaya ba. Abin da ya ba ni haushi shi ne nisa. Sai da na bi ta gefen gonar Malam Rabe, wadda ke bayan rumfar tarakta, na nausa can hanyar Dandume, sa'an nan in dawo baya don lamba ta biyu. Ina tafe ina faɗa ni kaɗai, in haka suke tsara jirage a Legas, to Allah ya kiyaye mai zuwa Kano kada a bi da shi ta Fatakwal.

Baba Mahadi na zaune yana shan koko ya ga tarakta a gonarsa. Bai tambayi dalili ba, ya ce dama ya san yarinyar nan tana da hankali. Da na gama ya ba ni ƙwan zabi goma sha biyu.

Ban da wannan, tsarin ya yi aiki, gaskiya. Mutanen da a da sai na aika gida sau uku, yanzu tun asuba suna tsaye a kan iyaka kamar masu jiran mota. Alhaji Awaisu ma, wanda ya riga ya yi huɗa da shanu, ya ce sam sai na zo. Na ce me zan yi a gonar da aka gama? Ya ce in ɗaga garma in zagaya sau biyu, kada baɗi a ce ya bar gurbinsa. Na zagaya, yana tsaye yana ɗaga mini hannu. Tun daga ranar ake kiransa jirgi ba fasinja.

Kullum kuma sai na wuce gonar Malam Rabe. Ciyawa ta tashi, ruwa ya fara taruwa a ƙasan kwarin. Sau biyu na ce masa in saci jiki in shiga, ya ce ba da shi ba, shi ya kawo doka.

A kwana na tara Bushra ta kira ni.

"Kawu Shitu, ya aikin? Gonar Baba ta yi kyau?"

"Ta yi kyau ƙwarai. Har ƙwan zabi ya ba ni."

Ta ce, "Yaushe Baba ya fara kiwon zabi?"

"Baba Mahadi? Ai tun kafin a haife ki."

"Kawu, Babanmu nake nufi. Shi ne na ɗaya, saboda kwari, ga shi kuma kusa da rumfa. Ya za a yi in rubuta sunansa gatsau, a liƙa a bango?"

Na kashe tarakta. Raina ya ɓaci, na rasa wanda zan zaga, ita ko ni ko tsohon da ya sha koko ya yi shiru. Tana ta tambaya ko har yanzu za a iya shiga, na ce mata ko jiya ma an makara.

Na sami Malam Rabe a tudun gonarsa, ɗan wurin da ruwa bai kai ba, yana sara da fartanya, wando naɗe, ƙafa duk laka. Na gaya masa komai ban rage ba. Ya dogara da ƙotar fartanya yana kallon ruwan da ya cinye masa noman masarar bana.

"Lamba nawa ka ce?"

"Na ɗaya, Malam."

"Ɗaya," ya maimaita. Ya share ido da gefen hannu, ya ce laka ce ta faɗa masa. "To ai wannan son kai ne ƙiri-ƙiri. Me mutane za su ce? Kada ka gaya wa kowa, Shitu."

Na ce ba zan faɗa ba, kuma ban faɗa ba. Da la'asar na je shagon taki sayen takin gishiri, na tarar ya tara mutane a gaban takardar, ko lakar ƙafarsa bai wanke ba. Ya dafa layin farko da yatsa, yana bin su ɗaya bayan ɗaya.

"Karanta nan. A'a, da ƙarfi. To, ni ne."