Ranar da Aka Kawo Malam daga Coci

Ranar Laraba ce, ina tankaɗen garin tuwo, Gwaggo 'Yardada maƙwabciyarmu ta shigo ko sallama babu. Ta ce, "Sa'adiyya, ajiye rariyar nan. Malam Ashafa ya riga mu gidan gaskiya." Na yi salati, na zauna a ƙasa. Sai ta rage murya ta ce, "Wai a coci ya cika, can Sabon Gari."

Malam, maigidana, baduku ne. Shekara talatin yana ɗinka takalma a nan Jakara, yana kai wa 'yan kasuwar Sabon Gari. Ban taɓa ganin ya yi wasa da salla ba. Amma kafin a iso da gawarsa, magana ta gama zaga unguwa. Wasu suka ce ai an daɗe ana ganinsa yana shiga wurin.

Aka shimfiɗe shi a soro. Ina daga ciki, jingine da bango, ina jin komai. Yayansa Hashim ya ce wa Liman, "Ni ba na so a yi gaggawa. A fara sanin a kan me ya mutu." Idan Liman ya ƙi yi masa salla, da wane ido zan dubi 'ya'yana?

Liman ya ce, "Wa yake wurin lokacin da ya cika?"

Wani ya ce, "Ni ne, Allah ya gafarta Malam. Sunana Muttaka, ni nake gadin ƙofar cocin. Musulmi ne ni, ɗan Ƙofar Ruwa."

"To, me yake kai shi?"

"Hawan jini. Akwai ɗaki a bayan cocin, duk Laraba ana auna mutane a ba su magani kyauta. Masu turin baro, direbobi, mata masu talla, kowa zuwa yake. Shekara biyu yana zuwa. In an gama auna shi, a tabarmata muke azahar tare. Har tsiya yake mini wai butata tana yoyo."

Hashim ya ce, "Yau fa?"

"Yana kan layi ya faɗi. Sista Rifkatu, nas ɗin wurin, ta ƙwala mini kira, ta ce, 'Muttaka, yi sauri, zo ka faɗa masa abin da kuke faɗa wa naku!' Na durƙusa ina laƙƙana masa kalmar shahada, yana maimaitawa har ya yi shiru. Ita ta tambaye ni ina ne gabas, muka juya shi tare."

Liman ya ce, "Alhaji Hashim, ka ji. A kawo ruwa." A lokacin ne kuka ya zo mini. Bayan la'asar aka yi masa salla, sahu har bakin titi.

Ranar sadakar uku wata mata ta shigo da mayafi, ta yafa shi a karkace, wani mutum na biye da ita da buhun shinkafa. Ta durƙusa ta ce, "Mama, ni ce Rifkatu. Ya haƙuri?" Hausarta tas, 'yar Kafanchan ce. Ta ce matan coci sun so su dafo abinci, ita ta hana, ta ce a kawo ɗanya kowa ya ci hankali kwance. Gwaggo ta ce, "Ke kam kin san mu." Aka yi dariya, dariyar farko a gidan.

Na tambaye ta me ya sa Malam bai taɓa gaya mini ba. Ta ce, "Tsoron bakin unguwa yake. Kuma na ce a rage masa gishiri, ya ce, 'Sista, ni in ce wa uwargida miyarta ta yi gishiri? Gara ki ƙara mini ƙwaya.'" Na rasa dariya zan yi ko kuka.

Ta ciro abin awon jini daga jaka ta ɗaura mini a hannu. Ashe nawa jinin ma ya hau. Da yake ina takaba ba na fita, ita ta riƙa zuwa duk mako biyu, tana ɓata a lungunanmu, har ta haddace hanya.

Da na fita takaba na fara zuwa awo cocin da ƙafata, da rana tsaka, kowa yana gani. Yanzu mu huɗu muke hawa adaidaita daga Jakara, har da matar Alhaji Hashim. Shi da kansa yake tare mana abin hawa.

'Ya'ya sun yi aure, ni kaɗai nake girkina a ƙaramar tukunya. Kullum in na ɗebo gishiri, sai na tsaya na dube shi a tafin hannuna, na mayar da rabi cikin kwano, na ce Allah ya jiƙan Malam, sannan na zuba sauran.