Kwalba ta Arba'in da Ɗaya

Shekara ashirin da biyu Baban Firij yana kiwon naman kaza a ɗakin gwaje-gwajen jami'a. Ba wanda ake ci ba, farin zarensa, mai yaɗuwa cikin kwalba kamar saƙar gizo. Kwalba sittin, kowacce da lambarta da halinta.

Da Farfesa ya zama shugaban sashe, ya buɗe firij ya yatsina fuska.

"Baba, me ake da waɗannan ragwaye? Ta bakwai ta fi sauri. A bar ta, a zubar da sauran."

"Ranka ya daɗe, ita kaɗai ba ta haihuwa. Sai ta haɗu da wadda ba irinta ba."

"Ni za ka koya wa? Ni na rubuta littafin."

Haka ne kuwa. Babi na huɗu ya ce wannan halitta jinsinta dubbai ne, kuma idan zare ya gamu da zare ya tarar ɗan gida ne, sai ya juya masa baya. Tun fil'azal masu auren kansu suka yi ta raunana, masu neman baƙo suka wanzu. Farfesa ya rubuta, lokacin karantawa ne bai samu ba.

Aka zubar. Aka shuka ta bakwai a buhu ɗari uku na garin katako. Mako takwas buhuna sun yi fari fat, ko tsiro ɗaya babu.

Aka naɗa kwamiti na mutum uku, duk tsofaffin ɗaliban Farfesa, har tarinsu irin nasa. Suka gano sakacin mai kula da firij ne. Aka ce Baba ya ajiye makulli ranar Litinin.

Amma ta arba'in da ɗaya, mafi ragwanta, tana firij ɗin gidansa bayan robar ruwa. Hannunsa ya ƙi zubar da ita.

"Malam, kai wa Farfesa ita mana," in ji matarsa. "In buhuna suka haihu, ai sai a mayar da kai aiki."

Ranar Litinin ya saka kwalbar a aljihu. Ya tarar da Farfesa tsaye kan sababbin buhuna, ƙanen matar Farfesan yana shuka ta bakwai.

"Ranka ya daɗe, da za a gauraya ta da wata..."

"Har yanzu, Baba? Iri mai kyau ba ya son gauraye. Makulli."

Baba ya shafa aljihu. Ya miƙa makulli.

A gida ya mayar da kwalbar bayan robar ruwa. Matarsa ta bi shi da kallo.

"To, ka rama. Ita taka yaushe za ta haihu?"

Ya rufe firij a hankali.

"Ita ma ita kaɗai ce."