Golan da Ya Sauka a Ɗakin Darcy

Shekara goma sha bakwai ina saukar da 'yan wasan ƙungiyar matasa ta garinmu. A kawo mini yaro a watan Agusta, in ciyar da shi, in wanke masa kayan da ke wari kamar mushe, ya yi wasan hoki a kan ƙanƙara har Maris, ya koma wurin iyayensa. Sharaɗina ɗaya ne, kuma kowa a Birch Coulee ya sani: ba na karɓar gola. Ɗana Darcy gola ne. Motarsa ta kife a hanyar zuwa wasa ya rasu yana ɗan shekara goma sha tara, kuma ɗakinsa na ƙasa shi ne ɗakin baƙin.

Bara koci Wendell Krahn ya tsaya a ƙofata yana murza hula.

"Marlene, ki rufa mini asiri. Gidaje sun cika. Wata biyu kawai."

"Wata biyunka na sani, Wendell. Da shi ka auri Joanne, ga ku shekara talatin."

Na dai karɓa. Sunan yaron Colby Desjarlais, dogo, mai kunya, kuma gola ne na tsaka-tsaki. Wasa shida na farko an ci mu huɗu. A tebur sai ya tsince albasa daga cikin perogi, curin fulawar nan mai dankali a ciki, ɗaya bayan ɗaya, ya jera a bakin faranti, abin ya riƙa ba ni haushi.

Wata safiya a Oktoba ya hau matakala yana fito, ya ja kujera, ya kwashe soyayyar albasar kaf ya zuba a farantinsa.

"Gwamna, yau ba kirim ɗin madara ne?"

Cokali ya faɗi daga hannuna. Mutum ɗaya ne ya taɓa kirana Gwamna, kuma ni na zaɓi akwatin da aka binne shi a ciki.

"Wa ya gaya maka wannan sunan?"

Ya dube ni yana tauna. "Wane suna?"

Daga ranar raga ta rufe. Wasa goma sha ɗaya a jere ba a ci mu ba. Ranar Lahadi da rana ina zaune a layi na uku, na ga kafin a fara ya karkatar da kai ya goga kafaɗar hagu a jikin ƙarfen raga, sau biyu, yadda Darcy ke yi. Tsofaffi biyu da ke bayana suka dubi juna. Ɗaya ya ce, "Kai, kun ga abin da na gani?" Ɗayan ya ce, "Rufe bakinka, muna cin wasa."

Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. Na ji daɗin da rabona da shi shekara ashirin. Na koma dafa abin da Darcy ke so, na daina tambaya. Idan ya kira ni Gwamna in amsa.

Ana saura mako guda Kirsimeti uwar Colby, Renée, ta tuƙo mota awa shida ta zo. Ta shigo da dusar ƙanƙara a gashinta, ta buɗe hannu. Colby ya tashi cikin ladabi ya miƙa mata hannu.

"Sannu da zuwa. Kin sha hanya."

Sannan ya waiwayo ya dube ni, yana jira in gaya masa ko wace ce.

Renée ta yi dariya, ta zaci wasa ne. Da ya sauka ƙasa ta bi ni kicin.

"Marlene, me suke ba shi a ƙungiyar nan? Ko ya bugu a kai ne aka ɓoye mini? Ke uwa ce, ki gaya mini."

Ni uwa ce, shi ya sa na san abin da nake ɗauke mata. Kwana ashirin na yi ina juya maganar, ina tsanar matar nan da ba ta yi mini komai ba. Ranar goma ga Janairu ake rufe musayar 'yan wasa. Ranar bakwai na buga mata waya na ce ta nemi a mayar da ɗanta wata ƙungiya, ko ina ne, in dai da nisa.

Wendell ya zo kamar zai cire mini ƙofa.

"Kin haukace? Mu ne na ɗaya! Garin nan bai ga kofi ba tun ina da gashi a ka!"

"To ka tsaya a ragar da kanka, ai ka fi ta faɗi."

Da hantsi Renée ta zo ɗaukarsa. Ya fito da jakarsa, ya tsaya a bakin ƙofa, bai ko dubi motar ba. Ya yi magana a hankali yadda ni kaɗai zan ji.

"Gwamna, sau biyu za ki bari in tafi?"

Na rufe ƙofar, na zauna a ƙasa a bayanta har motar ta ɓace.

Bayan mako uku Renée ta kira tana kuka da dariya. Colby ya dawo daidai, ana zura masa huɗu-huɗu, yana tsokanar ƙannensa. Wai ba ya tuna komai daga Oktoba. Mu kuwa muka zube, aka fitar da mu a zagayen farko na gasar kofi. A kanti mata suka riƙa juya mini baya, ban damu ba. Abin da ya dame ni shi ne gidan. Ban taɓa jin shiru irin na wannan bazarar ba, ina dafa abincin mutum biyu ina zubar da rabi.

Agusta na kamawa Wendell ya kira.

"Na san amsarki, amma dole in tambaya. Gola ne kuma. Daga arewa yake, kakarsa ce ta rene shi, ta rasu bara."

"Iyayensa fa?"

"Babu. Ba shi da kowa, Marlene. Ko mai zuwa kallonsa babu."

Na san abin da ya kamata in ce, kuma na san Allah yana jina.

"Kawo shi," na ce.