Wutsiyar Rigar Reino

A bukkarmu ta farauta, can cikin dajin arewacin Michigan, duk wanda ya harbi barewa ya kuskure, yanke masa wutsiyar riga ake yi a kafe ta da ƙusa a bango. Haka muka tarar iyayenmu na yi. Nawa ƙyallayen kam sun kusa rufe taga. Mutum ɗaya ne ba shi da ko zare a bangon nan, Reino Kangas, abokina tun muna 'yan makaranta. Sama da shekara arba'in yana shiga daji da tsohuwar bindigarsa mai sakata, wadda sai an ja ƙarfe da hannu bayan kowane harbi, kuma harsashi ɗaya tak yake ɗura mata. Mu masu bindiga mai ɗura kanta, wadda kana harbawa wani harsashin ya hau, ba irin ba'ar da bai yi mana ba. Bindigar ragwaye yake ce mata.

Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi. Abin ya zo da sauƙi, ya tashi, baki ya dawo garau, amma hannun dama sai a hankali. Yana iya tallabe abu, ba ya iya jan sakata ko kunama. Wanda kuwa ba ya iya sarrafa bindigarsa ba ya shiga daji da mu, sai dai ya zauna a bukka yana juya wake a tukunya. A wurin Reino, wannan da kabari duk ɗaya.

Da maganar sayen wata bindigar ta taso, matarsa Marlys ce ta yanke hukunci a ɗakin girki.

"Dala ɗari shida, ko sisi ba ƙari. Kai kuma Wendell," ta nuna ni da cokali, "in ka zuga shi ya haura, a gidanka zai ci abinci har bazara."

Muka tafi shagon Delbert mai sayar da bindigogi. Yana ganinmu ya washe baki.

"Lale da mai harsashi ɗaya! Me za a ba ka, man goge ƙarfe?"

"Ta ragwaye na zo saya," in ji Reino, idonsa a rufin shago.

Delbert ya kama kunne. "Maimaita, ji ya fara yi mini gardama."

"Ka ji ni sarai, tsohon banza."

Delbert ya jera masa uku. Ta farko sabuwa fil, baƙa, jikinta roba, ba nauyi, kuma kuɗin Marlys sun ishe ta har da canji. Reino ya ɗaga ta ya ce da irinta jikansa ke fesa wa kaji ruwa. Ta biyu kuwa, ni kaina sai da na haɗiye yawu, amma da ya juya takardar farashin sai ya ajiye ta a hankali kamar ƙwai. Ta uku tsohuwa ce, ta hannu. Gindinta na katako ne mai duhu, ya sha tafin hannun wani har ya yi sheƙi, ƙarfenta ya koɗe a daidai inda ake riƙewa, cikin bututunta kuma tas. Gaskiya ta burge ni. Da ganinta ka san mai ita ya so ta.

Muka zagaya bayan shago inda ake gwaji. Yanzu dole a kafaɗar hagu Reino zai ɗora, ga shi bindigogin nan ta dama suke tofar da kwanson harsashi, daidai inda fuskar bahago take. Ya harba baƙar. Kwanso da zafinsa ya faɗa masa cikin wuyan riga, sai ga dattijo yana tsalle yana zagin wanda ya ƙera ta. Na yi dariya har da hawaye. Ya ɗauki tsohuwar, ya kwantar da kumatu a katakonta, ya ja kunama. Ta cilla kwanson can gaba, ta ɗura wani da ɗan sauti mai daɗi, ko motsa masa kafaɗa ba ta yi sosai ba. Ya daɗe a haka bai ɗago ba.

"Da tsohuwar zuma ake magani," ya ce. "Nawa?"

"Ɗari shida da ashirin. Don kai ne, kawo ɗari shida."

"Ɗari biyar da sittin."

Kunya ta kama ni. Na matsa zan raɗa masa cewa ai kuɗin sun kai, ya taka mini ƙafa. Suka yi ta ja har Delbert ya gaji, ya ce ya ɗauka ya ɓace masa da gani. Da sauran arba'in ɗin ya sayi sabuwar rigar ulu, ja mai gida-gida. Na ce a raina tsufa bai raba shi da son gayu ba.

Duk kaka yana bayan gonarsa yana koya wa hagu abin da dama ta sani. Ranar buɗe farauta, dusar ƙanƙara ta ɗan zuba, muka watsu cikin daji. Hantsi ya ɗaga sai na ji harbi daga ɓangarensa, sau ɗaya. Na taka na same shi tsaye. Ga sawun babban namijin barewa, ba ko ɗigon jini, ga ɓawon itace harsashi ya ɗaye.

"Saura huɗu a cikinta," na ce. "Me ya hana ka ƙara?"

"Ya riga ya zura da gudu. In ji masa ciwo ya je ya mutu a fadama?"

Ban taɓa ganin girmansa kamar ranar ba.

Da yamma a bukka kowa ya duƙufa kan kwanonsa. Duk sun ji harbin, duk sun ga ya dawo hannu rabbana, amma ba wanda ya yi masa ba'a. Lloyd, wanda shi ke ajiye wuƙar yankan riga, har cewa ya yi, "Yau daji shiru, ni ko harbi ban ji ba." Tausayi ne, na sani, kuma ni ma na biye musu.

Reino ya ajiye cokali. Fuskarsa ta yi abin da ciwon ma bai sa ta yi ba.

"Wato na zama baƙo ke nan," ya ce. "Ko majinyaci."

"Haba Reino, ba haka..." in ji Lloyd.

"Lloyd, ɗauko wuƙar." Ya miƙe, ya zaro wutsiyar jar rigar daga wando da hannun hagu, ya juya mana baya. "Don me kuke tsammani na matse Delbert na sayi wannan? Bahagon wata uku ne ni, na san zan kuskure. Shekara arba'in ina yanka naku, ba za a kafe ni a bangon nan da tsumma ba."

Lloyd ya ɗauko wuƙar ya tsaya yana jan ƙafa, sai na karɓe ta. Na yanko masa faffaɗa, har tsakiyar baya, don in rama. Bukka ta kaure da ihu, wani yana ce masa rago, wani yana tambaya ko itacen ya mutu. Reino yana dariya, idonsa jiƙe, ya riƙe ƙusa da raunanan yatsunsa na dama, ya buga da hagu, a tsakiyar nawa.